Na Kasa Sauya Komai a Makarantar da Maigidana Ya Bari: Riƙon Amana Ne ko Ciwon Rashi?

Tambaya: Ni da maigidana muka kafa makaranta a unguwarmu, Islamiyya da firamare, shekara 14 da suka wuce. Allah ya yi masa rasuwa, wata 11 ke nan. Tun da na fita takaba na haɗa aikinsa da nawa. Ofishinsa na nan a kulle yadda ya bar shi. Hedimasta yana so a sauya jadawalin darasi, a ƙara kuɗin makaranta, a kuma sallami wani malami da marigayin ya ɗauka da kansa. Na ƙi duka, don ji nake kamar cin amana ne. Tsofaffin malamai biyu sun ajiye aiki. Ba a raba gado ba, ga abokiyar zamana da 'ya'yanta suna jira. Barci ya ƙaurace mini. Mutane na yaba ƙoƙarina, amma ni na san himmar da nake da ita a da ta tafi, tsoro ne kawai ke tafiyar da ni. Yaya zan saki ba tare da na yi masa butulci ba? Kuma himmar za ta dawo?

Amsa: Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya sa makarantar nan ta zame masa sadaka mai gudana, ku kuma ya ba ku juriyar rashi.

Aikina shi ne zama da waɗanda aka yi wa rashi, kuma a cikinsu akwai wani rukuni da wasiƙarki ta tuna mini: mutanen da mutuwa ta ɗora wa shugabanci ba su nema ba. Ɗan da ya wayi gari da makullan shagon mahaifinsa a Kwari, matar da ta gaji motocin haya da direbobinsu, ƙanin da aka ce ya riƙe tsangayar yayansa. Kusan dukansu maganarsu ɗaya ce: in na taɓa wani abu da ya bari, kamar na sake kai shi makabarta ne. Don haka bari in ba ki amsa kai tsaye kafin dogon bayani. Sauya jadawali ko kuɗin makaranta ba cin amanar Malam ba ne. Amanar da ya bar miki ita ce yaran nan da karatunsu, da haƙƙin malaman da ke koyar da su, da haƙƙin magadansa. Jadawali kuwa dabara ce da ya yi don shekarar da ya yi ta. In kika duba tsofaffin takardun makaranta, ina kyautata zaton za ki tarar shi da kansa ya sha sauya shi.

Na san kin san wannan a kanki tun kafin ki rubuto. Zuciya ce ta ƙi bin kai, kuma dalilin ƙinta shi ne abin dubawa.

Ina zaton har yanzu ba ki samu zama da rashinki ba. Takaba kin yi, wata huɗu da kwana goma kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Amma takabar matar mai makaranta takan koma ofis: waya na ƙara, ana aiko da takardu a sa hannu, masu gaisuwa na shigowa layi-layi, har ta kai ita ce ke rarrashinsu. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi arba'in, a naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. In hawaye ya zubo, sai a ce, "Haba Hajiya, addu'a yake buƙata ba kuka ba." In ta share ta miƙe ta kama aiki, sai a ce, "Kai, matar nan jaruma ce." Yabon nan da kika ambata yana da haɗari, domin wadda aka saba ce wa jaruma kunya take ji ta ce ta gaji.

Addininmu bai ɗora miki wannan ba. Annabi Yaƙub (AS), wanda ya ce haƙuri mai kyau shi ne mafita, shi ne dai idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, kuma da 'ya'yansa suka dame shi ya ce musu ga Allah kaɗai yake kai kukan damuwarsa. Lokacin da ɗan Manzon Allah (SAW), Ibrahim, yake gargarar mutuwa, idanun Annabi suka zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, "Har kai, ya Manzon Allah?" Ya amsa masa da cewa rahama ce, sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da Ubangijinmu bai yarda da shi ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganganun fushi da ƙaddara. Kewa ba ta cikin abin da aka hana, kuma ba a yanka mata ranar ƙarewa ba.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin yadda mutum ke fita daga rashi. Wataƙila kin taɓa jin ana cewa baƙin ciki matakai biyar ne, daga musu zuwa fushi har zuwa sallamawa. Wannan ya samo asali daga aikin Elisabeth Kübler-Ross na 1969, kuma a kan majinyatan da ke fuskantar mutuwarsu ta yi shi, daga baya aka jawo shi kan masu makoki. Ni ba na aiki da shi, don yakan sa mutum ya riƙa tuhumar kansa cewa ya makara a wani mataki. Abin da ya fi dacewa da abin da nake gani a wurin mutane shi ne bayanin Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht da ke Holand, wanda suka fitar a 1999. Sun ce mai makoki kai-komo yake yi tsakanin abu biyu. Wani lokaci yana fuskantar rashin kansa: kewa, kuka, tuna baya. Wani lokaci kuma yana fuskantar sabuwar rayuwar da rashin ya haifar: kuɗin cefane, takardun banki, aikin da mamacin yake yi wanda yanzu ya dawo kansa. Lafiyar tana cikin kai-komon. Wanda ya maƙale a gefe guda shi ne ke shan wuya.

Ke naki ya zo da sarƙaƙiya. Jikinki yana gefen aiki dare da rana, ba ki ba kewar lokacinta ba. Ita kuma kewa ba ta bari a share ta, sai ta nemi wurin zama, ta samu a makaranta. Ta zauna a jadawalin, ta zauna a kuɗin zango, ta zauna a ƙofar ofishin da ke kulle. Shi ya sa in hedimasta ya ce a mayar da darasin lissafi safiya, shi maganar lissafi yake yi, ke kuma abin da ya iso kunnenki shi ne a share sawun Malam. Ba za ku taɓa fahimtar juna ba muddin makaranta ce ke ɗauke da makokinki.

Maganin wannan ba mantuwa ba ne, kuma duk wanda ya ce ki manta bai san abin da yake faɗa ba. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta nama, kuma da 'yar'uwarta Hala ta yi sallama ya ji muryarta, sai ya tuna da Khadija har abin ya bayyana gare shi. Ya ci gaba da rayuwa, ya yi hijira, ya kafa al'umma, ya jagorance ta, amma alaƙar ba ta yanke ba, wurinta daban. Abin da nake so ki yi ke nan: ki ware wa Malam wurinsa na musamman. Ki ɗauki nauyin karatun maraya ɗaya ko biyu da niyyar ladan ya je masa. Ki riƙa ziyartar mahaifiyarsa ko 'yan'uwansa mata in suna raye. Ki sa wani lokaci a mako, ko bayan La'asar ɗin Juma'a, wanda ba kya amsa wayar makaranta, ki yi masa addu'a, ki duba hotuna in kina so, ki yi kukanki. In kewa ta samu nata wurin, jadawali zai koma jadawali kawai.

Sai mu zo kan yadda ake tantance abin riƙewa da abin saki. Ba ina kwatanta wani da Manzon Allah ba ne, amma babu wanda ya gaji shugabanci cikin rashi mai nauyi kamar Sayyidina Abubakar (RA), kuma abin da ya yi a farkon halifancinsa darasi ne ga duk wanda ya gaji aikin wanda yake ƙauna. Annabi (SAW) ya ɗaura wa Usama ɗan Zaidu tutar yaƙi kafin wafatinsa. Da ƙabilu suka fara ridda, manyan sahabbai suka ba da shawarar a dakatar da rundunar don tsaron Madina. Abubakar ya ƙi, ya ce ba zai kwance tutar da Annabi ya ɗaura ba. Wannan umarni ne bayyananne, ya zartar. Bayan yaƙin Yamama kuma, da mahaddata da yawa suka yi shahada, Umar ya zo masa da shawarar a tattara Alƙur'ani wuri guda. Amsar farko da Abubakar ya ba shi ita ce irin taki: yaya zan yi abin da Manzon Allah bai yi ba? Umar bai fasa ba, ya yi ta nanata masa cewa wallahi alheri ne, har Allah ya buɗe ƙirjinsa, ya kira Zaidu ɗan Sabit ya ɗora masa aikin. Shi ma Zaidu tambayar da ya fara yi ke nan. Mutum ɗaya, ƙauna ɗaya, a wuri guda ya riƙe kam, a wani wurin ya yi abin da ba a taɓa yi ba, domin abin da ake son tsarewa ba zai tsaru ba sai da sabuwar hanya. Ki lura kuma cewa jin nauyin da ya fara yi ba aibi ba ne. Aibin da zai kasance shi ne da ya toshe kunne.

Ki auna buƙatun hedimasta uku da wannan ma'auni, ɗaya bayan ɗaya, don ba nauyinsu ɗaya ba.

Jadawali, ki sakar masa. Aikinsa ne, don shi aka ɗauke shi. Abin da kawai za ki gindaya shi ne abin da kika san Malam ya kafa makarantar dominsa, misali kada a rage lokacin hadda da muraja'a. Sauran ki bar shi ya gwada zango ɗaya, ku duba sakamako.

Kuɗin makaranta ya fi buƙatar natsuwa, kuma a nan nake ganin riƙon da kike yi ya fara cutar da abin da kike son karewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, kuma a 2024 gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Malamin da ke hawa adaidaita sahu biyu kafin ya iso aji ya san abin da ke saura a albashinsa ranar goma ga wata. Ba ki faɗi dalilin tafiyar malaman nan biyu ba. Ki neme su, ki zauna da kowannensu shi kaɗai, ki ce, "Malam, don Allah ka gaya mini gaskiya, me ya kore ka?" Wanda ya riga ya tafi ba ya tsoron faɗin abin da na ciki ke ɓoyewa. In albashi ne, to ƙin ƙara kuɗin makaranta yana nufin malamai ne ke biyan kuɗin kewarki daga aljihunsu, kuma na tabbata ba ki nufi haka ba. In Malam ya yi suna da sauƙaƙa wa talaka, wannan manufa ce, ki riƙe ta. Amma akwai hanyar riƙe ta ban da daskarar da farashi: a ƙara wa masu hali, a rubuta sunayen marayu da marasa ƙarfi a yi musu rangwame a fili, a ba iyaye damar biya kashi biyu ko uku. Ki kira taron iyaye da malamai, ki ajiye musu lissafi a gabansu, nawa ke shigowa, nawa ke fita a albashi da haya da wuta da alli. Iyaye sukan yi ƙorafi in aka aiko musu da takardar ƙari kawai, amma in suka ga lissafi da idonsu, da yawa sukan sauko.

Maganar malamin da ake so a sallama ita ce ba zan ce ki bi hedimasta a kai ba, ba kuma zan ce ki ƙi ba. "Malam ne ya ɗauke shi" ba hujjar riƙe shi ba ce, kamar yadda "hedimasta ba ya son sa" ba hujjar korarsa ba ce. Wani lokaci sabon mai iko yakan so ya kawar da wanda ya fi shi daɗewa, wani lokaci kuma tsohon ma'aikaci yakan fake da sunan mamaci ya daina aiki. Ki nemi abin da ke rubuce: rajistar zuwa aiki, littafin shirin darasi, sakamakon ajinsa a zanguna uku da suka wuce. Ki shiga ajinsa ki zauna a baya ba tare da sanarwa ba. In akwai gazawa, a gaya masa a rubuce, a ba shi zango guda ya gyara. In ya gyara, shi ke nan. In bai gyara ba, ki sallame shi da mutunci da cikakken haƙƙinsa, kina sane da cewa yara talatin ko arba'in da ke gabansa su ma amanar Malam ne.

Game da hedimastan kansa, ki tuna gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mutumin da ya tsaya yana kawo shawara ana ƙi, bai tafi ba, yana da sauran kishin wurin. Kada ki bari ya zama na uku.

Yanzu ga abin da kika ambata a layi ɗaya kika wuce, alhali a ganina ya fi duk sauran gaggawa: gado. Daga ranar da Malam ya cika, duk abin da ya mallaka a makarantar nan, fili ne, gini ne, kujeru ne, kuɗin asusu ne, ya zama na magada, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya in akwai. Ke da abokiyar zamanki kuna tarayya a tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya. Iyayensa in suna raye suna da rabonsu, sauran na 'ya'ya ne. Ma'ana, kuɗin da kike juyawa yanzu akwai haƙƙin marayu a ciki, naki da na ɗakin abokiyar zamanki. Kowane wata da ya wuce ba a tantance ba, zargi ne ke ƙaruwa, ko da kuwa ba ki taɓa ko kwabo ba. Na ga gidajen da aka zauna lafiya shekara ashirin, jinkirin rabon gado na shekara biyu ya raba su har jikoki.

Na san abin da ke tsorata ki: kada a ce a sayar a raba. Amma rabon gado ba dole ne ya zama rushe makaranta ba. Farko a ware abin da yake naki na kanki, tunda tare kuka kafa, kuma a nan duk wata shaida tana da amfani: rasit, takardar fili, sunan da ke rajistar makarantar a ma'aikatar ilimi da hukumar rajistar kamfanoni, mutanen da suka san kin sayar da gwal ko kin zuba adashi. Sannan a kawo masu ƙima su yi wa rabon Malam kuɗi, malamin da ya san ilimin gado ko kotun shari'a ta fitar wa kowa kasonsa. Daga nan hanyoyi a buɗe suke. Magada na iya barin kasonsu a ciki a riƙa ba su riba a ƙarshen shekara. Kina iya sayen kason wanda ke son fita, a hankali. Manyan da suka mallaki hankalinsu suna iya yin waƙafi da nasu in sun ga dama, amma ba wanda ke da ikon yin kyauta da kason ƙaramin yaro. Duk abin da aka yanke a rubuta, a sa shaidu. Ki kuma buɗe wa abokiyar zamanki littafin lissafi tun yanzu, kafin ta nema. Ita ma miji ta rasa, kuma ita ba ta da makarantar da za ta ɓoye kewarta a ciki.

Sai tambayarki ta biyu, ta himma.

Wani masani ɗan Kanada, Robert Vallerand, shi da abokan aikinsa sun raba son aiki gida biyu a wani bincike da suka fitar a 2003. Akwai son da mutum ke riƙe da shi: yana aikin don yana jin daɗinsa, in lokacin tashi ya yi ya tashi, aikin bai cinye iyalinsa da ibadarsa da barcinsa ba. Akwai kuma son da shi ke riƙe da mutum: ba ya iya dainawa, in ya huta sai ya ji kamar ya yi laifi, ƙimarsa gaba ɗaya ta rataya a kan aikin. Daga waje kamarsu ɗaya, duka biyun su ne farkon zuwa, su ne ƙarshen tashi. Bambancin yana bayyana ne a jikin mai yi da fuskokin waɗanda ke ƙarƙashinsa. Kin riga kin gano naki da kanki tunda kika ce tsoro ke tafiyar da ke.

Ga yadda shugabancin tsoro yake a makaranta, ki duba ko kin gane shi. Malamar aji biyu ta zo neman kwalin alli. Ma'aji ya ce sai Hajiya ta sa hannu. Hajiya tana wurin mai gyaran famfo, daga nan ta wuce banki, daga nan ga wani uba ya zo da ƙorafi. Takardar alli ta kwana biyu a kan tebur ƙarƙashin kofin shayin da ya huce ba a sha ba. Malamar ta gaji, ta aiki yaro shagon bakin titi ya sayo da kuɗinta, ba ta gaya wa kowa ba. Ranar da za ta ajiye aiki ba za ta ambaci alli ba, za ta ce maigida ne ya ce ta huta.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, bai zauna yana sa hannu a kan kowace takarda ba. Ya raba tafiyar da mulki tsakanin ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuma ya koma ga abin da ya fara da shi tun a Degel, karantarwa da rubutu, a Sifawa sannan a Sakkwato, har rasuwarsa a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u ta fi kusa da halin da kike ciki. Ta ga rasuwar mahaifinta, ta ga ta yayanta Bello a 1837, ta ga ta mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma ba ta ɓoye zafin ba, ta zuba shi a waƙoƙin marsiyya da har yau ake karantawa. Amma aikinta na ilimantar da matan karkara ba ta ƙulle shi a hannunta ba. Ta zaɓi dattawan mata, ta naɗa su jaji, wato jagororin karatun mata, ta ba kowacce malfa alamar izini, su ke zuwa su karɓi karatu su koma ƙauyukansu su koyar da 'Yan Taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu. Shi ya sa da ta rasu a 1864 aikin bai bi ta ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi.

Ki tambayi kanki: kafin rasuwar Malam, wane ɓangare na makarantar ne in kina yi ba kya duba agogo? Ina kyautata zaton ba zuwa banki ba ne. Wataƙila ajin ƙananan yara ne, ko sauraron tilawar 'yan mata, ko shirya bikin sauka. Da kika haɗa aikinsa da naki, nasa ne ya danne naki, domin nasa ne ke da wa'adi da masu jira a ƙofa. Kin bar aikin da ke ba ki ƙarfi kin rungumi wanda ba ki taɓa so ba, sannan kina mamakin inda himma ta tafi. Ki koma aji, ko da darasi uku ne a mako, a sa shi a jadawali kamar na kowane malami yadda ba mai gyaran famfon da zai fitar da ke. Aikin Malam kuma a rarraba shi. Ma'aji ya samu iznin kashe kuɗi har zuwa wani adadi ba sai ya jira ki ba, ya kawo rasit ranar Alhamis. Hedimasta ya riƙe duk abin da ya shafi malamai da darasi. Ki kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku ko biyar, a ciki har da wakilin ɗakin abokiyar zamanki da wani dattijo da kowa ke jin nauyinsa, su riƙa zama sau ɗaya a zango. Za a yi wasu abubuwa ba yadda kike so ba, wasu ma za a ɓata su. Ki ƙyale, in dai ba amana aka taɓa ba.

Ko himmar za ta dawo? A abin da na gani, takan dawo, amma ba da kamannin da ba. Ta da ta mutum biyu ce, ta hirar dare kan wane aji za a ƙara bana. Wannan kam ta tafi tare da shi, kuma tana cikin abubuwan da za ki yi wa kuka. Wadda ke zuwa takan fara da ƙanƙanin abu, ranar da za ki ji kina son gwada wani tsari da Malam bai taɓa tunaninsa ba, ki kuma lura ba ki ji kin yi laifi ba.

Ofishin, kada ki tilasta wa kanki, amma kada ki bar shi sai abin da hali ya yi. Dole ma a buɗe shi saboda gado, don akwai yiwuwar takardun fili da na bashi suna ciki. Ki sa rana a lokacin hutu da babu hayaniyar yara. Ki shiga da mutum ɗaya da ba kya jin kunyar kuka a gabansa, kuma saboda kauce wa zargi ki gayyaci wani daga ɗakin abokiyar zamanki. Kayansa na jiki, hula, carbi, tabarau, a kai gida a haɗa da sauran kayan gado. Takardun makaranta su koma hannun masu aiki da su. Ɗakin kuma a ba shi aikin da za a riƙa shiga ana fita, ko ɗakin karatu ko wurin sauraron hadda.

Ban manta da barcin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta amince da cewa akwai baƙin cikin rashi da kan tsawaita har ya zama lalura: kewa mai tsanani kusan kullum, kasa yarda cewa mutuwar ta faru, jin kamar wani ɓangare na mutum ya mutu, har abin ya hana shi tafiyar da rayuwarsa, fiye da wata shida kuma fiye da abin da al'adar mutanensa ta saba gani. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka su shekara guda suka sa ga manya. Bincike ya nuna kimanin mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa rashi ne ke kaiwa nan. Ba zan iya cewa kina ciki ko ba kya ciki daga wasiƙa ba. Amma watanni ana fama da rashin barci ya isa dalilin ganin likita, a auna hawan jini da sukari, ki kuma gaya masa maganar rashin da bakinki, kada ki tsaya a "ciwon kai" kawai. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki, wasunsu suna kama mutum. In abinci ya fita ranki, ko kina ramewa, ko kin fara jin gara ki bi shi, to wannan ba na jira ba ne: ki gaya wa wani na kusa a ranar, ku je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Nana A'isha takan sa a dama wa gidan makoki talbina, wani kunun sha'ir, ta ce ta ji Annabi (SAW) yana cewa yana kwantar da zuciyar majinyaci yana kuma rage wani abu na baƙin ciki. Tun wancan zamani an san jikin mai makoki yana buƙatar kulawa.

Wata mai zuwa Malam zai cika shekara. Makonnin da ke gaban wannan rana sukan yi nauyi, wani lokaci fiye da ranar kanta, kuma 'ya'yanki ma za su ji, ko ba su faɗa ba. Kada ki sa taron iyaye ko zaman gado a wannan makon. Ki gaya wa hedimasta tun yanzu cewa kwana uku ba za ki shigo ba, ki ba shi makullan da zai buƙata, ki kashe wayar makaranta. Zaman gado ki sa shi bayan nan da mako biyu ko uku, amma ki sanar da abokiyar zamanki ranar tun a wannan makon da muke ciki.